DORINA A CIKIN GIDA: INA IYAKAR HORO?



Akwai maganar da ake ta ja a zaure da rumfunan kasuwa, daga Maraɗi har Damagaram. Wasu iyaye na cewa wai zancen haƙƙin yara dabara ce ta Turawa don a hana uba horon ɗansa. Mu da ke tsaye gaban allo kowace safiya, ga tamu.

Yaron da aka zane da dorina daren jiya, tun daga ƙofar aji muke gane shi. In mushe ya ɗaga hannu zai ɗauki alli, sai ya kare kai. In an tambaye shi, ya yi shiru ko da ya san amsa. In ya yi ɓarna, ƙarya ce mafakarsa. Ɓoyo kaɗai duka ya koya masa.

To, me takardun suka ce? Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ran 20 ga Nuwamba 1989, Nijar ta shiga cikinta a 1990. Sashe na 5 ya tabbatar wa iyaye ikon shiryar da ƴaƴansu, sashe na 19 ya hana cin zalinsu. Afirka ma ta yi tata a Adis Ababa a 1990. Sashe na 31 ya ɗora wa yaro girmama iyaye da manya, sashe na 20 ya ce horon gida a yi shi da tausayi, kada a zubar da mutuncin yaro. Ina raba uba da ɗa a nan?

Wani zai ce, ai mu ma da bulala muka tashi. Gaskiya ne. Amma da bulala aka riƙa kora talakawan ƙasar nan aikin tilas, har aka soke shi a 1946. Wa ya taɓa cewa bulalar nan ta gyara halin kowa? Abin da muka ƙi daga hannun baƙo, don me za mu ajiye wa jininmu? Togo ta hana dukan yara a 2007, maƙwabciyarmu Benin a 2015, Faransa kanta a 2019.

Horo kuwa yana nan. A hana yaro dandali kwana uku. Ya gyara abin da ya ɓata da hannunsa. A yi masa faɗa gaban kawu ko gwaggo. Kuma kada a yanke hukunci sai zuciya ta huce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da fushi karya shi yakan yi.

Kowane reshe ya karanta wannan a taronsa na sati. In kun ji kukan yaro ya wuce kima a maƙwabta, ku yi sallama ku shiga, ɗa na kowa ne. In akwai rauni, a kai shi likita, a sanar da mai unguwa.

Daga wani malamin lakwal