Mai jakar takardu ba lauya ba ne

Manomin Sabon Birni ko Isa da ya dangwala yatsa a takardar bashin Anchor Borrowers, shirin da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015, ba a karanta masa sharuɗɗa ba, yana da haƙƙin kai kuka. Amma ya yi hattara da dillalin da zai tare shi ranar kasuwa, yana neman na goro kafin ya ƙwato masa diyya.

Birtaniya ta ɗanɗana wannan: kamfanonin neman diyyar inshorar bashi sun yi ta yankar rabonsu, har aka ƙayyade shi a kashi 20 cikin ɗari a 2018.

A Najeriya ƙorafi kyauta ne. Banki tukuna, in ya yi shiru, sai Babban Bankin Najeriya.