Bashin Banki Ma Bashi Ne

A bakin ruwan Yauri, masunci ba ya cike takarda kafin ya samu koma ko injin jirgi. Dillalin kifi ne ke ba shi, shi kuma ya riƙa biya da abin da ya kamo. Jinginarsa sunansa ne. Daga Yelwa har Wara an san wanda in ya ce "ran kasuwa zan kawo" to zai kawo, an kuma san wanda sai an haɗa shi da manya.

Abin da ke damuna shi ne, mutumin da ke jin kunyar dillali ba ya jin kunyar banki. A watan Nuwamban 2015, a nan Jihar Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na ba manoman shinkafa rance. Wasu sun biya. Wasu ambaliyar 2020 ta cinye musu gonaki, waɗannan suna da uzuri, kuma ba da su nake ba. Da waɗanda suka girbe, suka sayar, suka ce "ai rabonmu ne na gwamnati" nake. Wannan magana ta cuce mu. Kuɗin da aka ce ka mayar ba kyauta ba ne, ko daga hannun wa ya fito, kuma wanda ya ƙi biya ya toshe wa na bayansa ƙofa. Mu da muka san aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka, bai kamata a tuna mana wannan ba.

Yanzu kuma ba a ɓuya. Tun 2014 aka fara ba masu asusu lambar BVN. A 2017 aka yi dokar tattara bayanan masu cin bashi, kamfanoni irin su CRC da FirstCentral suna ajiye tarihin biyan kowa, da shi ake auna makinsa. Daga Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum na wani bankin. Canza layin waya ba ya goge komai.

Katin bashi bai yawaita a wajenmu ba, amma ma'aikata da matasa 'yan kasuwa sun fara karɓa, ga kuma rancen waya da ke shigowa cikin minti biyu. Wanda ya riƙe katin, ya sayi abin da albashinsa zai iya ɗauka, kada ya ƙure iyakar da aka ba shi, ya biya duka kafin ranar da aka yanka. Biyan ɗan ƙaramin kason da banki ya yarda da shi tarko ne, a kan ragowar ne kuɗin ruwa ke hauhawa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ruwa ba, kuma yana da gaskiya, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, kamar Jaiz. In biya ya gagara, a je da ƙafa a nemi ƙarin lokaci tun ranar ba ta wuce ba.

Akwai rashin adalci ɗaya da ya rage. Masuncin Ngaski da ya shekara ashirin yana biyan dillali ba fashi, a idon banki ba shi da tarihi ko na sisi. Ƙungiyoyin masunta da na manoman albasa a Yauri da Shanga su fara rubuta rance da biyan membobinsu, su bi da kuɗin ta asusu, don ranar da masunci zai nemi kuɗin sabon inji ya samu abin nunawa.