Masu Neman Jirgin Annabi Nuhu: A Yi Hattara

Duk bayan 'yan shekaru labari yakan ɓulla cewa an gano jirgin Annabi Nuhu (AS) a ƙasar Turkiyya. Da can a rediyo da jaridu ake jin sa, yanzu kuwa a wayar hannu yake yawo, har ya zama abin hira a majalisun Gidan Dare da sauran unguwannin Sakkwato, ana kabbara ana miƙa wa na gaba. Ya kamata jama'a su dubi tarihin wannan nema kafin su ƙara yaɗa shi.

A shekarar 1955 wani Bafaranshe, Fernand Navarra, ya sauko daga Dutsen Ararat da guntun katako, ya ce na jirgin ne. Da masana suka auna shekarunsa, yawancin gwaje-gwajen suka nuna bai wuce kimanin shekara 1,300 ba. A 1959 kuma wani hafsan sojan Turkiyya, Durupinar, ya hango wani tudu mai siffar jirgi a hoton da aka ɗauka daga sama. Tawagar da ta je wurin a 1960 ta haƙa, har nakiya ta sa, ba ta sami komai ba sai ƙasa da duwatsu. James Irwin, wanda ya taka wata a 1971, ya hau Ararat sau da dama daga 1982, kullum yana dawowa hannu rabbana.

Abin kunya mafi girma ya faru a 1993, lokacin da gidan talabijin na CBS a Amurka ya nuna wani George Jammal da katakon da ya ce daga jirgin ya tsinto. Daga baya shi da bakinsa ya ce a Amurka ya samo itacen, ya dafa shi da kayan miya don ya yi kama da tsoho. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Bugu da ƙari, masu neman nan Ararat suka nufa saboda sunan da ya zo a littafinsu, alhali kuwa Suratu Hud Dutsen Judi ta ambata, wanda aka fi sani da shi kusa da garin Jazira, kimanin kilomita 300 daga Ararat. Musulmin da ke murna da hoton Ararat yana goyon bayan abin da bai dace da nassin da ya karanta ba.

Wani zai ce ai Suratul Ƙamar ta nuna an bar abin ya zama aya. Haka ne, amma malaman tafsiri sun saɓa: wasu sun ce jirgin ne kansa, wasu sun ce ƙissar ce, wasu kuma sun ce nau'in jiragen ruwa ake nufi. Babu ɗayansu da ya rataya imani a kan tono katako.

A nan gida ma akwai wurin zamewa. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina don yin siminti cike take da ɓawon halittun teku, an kuma tono ƙasusuwan wata dabbar ruwa da masana suka sa wa suna Goronyosaurus, saboda Goronyo. Mai gaggawa zai ce ga shaidar Ruwan Ɗufana. Masana ilimin ƙasa kuwa sun tabbatar waɗannan ragowar wani teku ne da ya rufe wannan yanki fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce, tun babu ɗan Adam.

Haɗarin da ke cikin lamarin a kan ɗalibai yake. Yaron da aka koya wa cewa gaskiyar addininsa tana jingine da wani katako, ran da ya gano katakon na jabu ne, shakka za ta shige shi a inda da babu ita. Ma'aikacin da ya saba gaskata hoto ba bincike kuwa, haka zai yi da takardar ofis.

Saboda haka wajibi ne malamai da limamai su riƙa tambayar duk mai kawo irin wannan labari: wa ya haƙa, wa ya auna, ina kuma aka buga sakamakon? Ɗalibanmu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuwa, ga duwatsun Kalambaina da Dange da Wurno a ƙofar gidansu, ga kuma Gulbin Rima da ya yanke hanyar jami'arsu a ambaliyar Satumba 2010. Su ne suka fi cancantar a kashe musu kuɗi da lokacin bincike.