Algus A Buhun Abincin Dabbobi

Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. To, amma mai kiwon kaji a Jiga Birni wanda ya je kasuwar Jega ya sayo buhun abinci ɗinkakke, me ya sani game da abin da ke ciki? Iyakarsa ya dogara ga takardar da aka liƙa, wadda ta ce akwai sinadarin gina jiki kashi 16 ko 17 cikin ɗari, gwargwadon bukatar kaza mai ƙwai. Idan mai haɗawa ya rage ƙuli-ƙuli da waken suya, ya cike gurbin da ƙaiƙayin shinkafa, ido ba zai gane ba. Sai bayan makonni ƙwai ya ragu, kaji su rame, jari ya karye.

Wannan algus ne tsantsa, kuma ba a ƙasarmu kaɗai ake yinsa ba. A 1993 ne aka kafa hukumar NAFDAC, amma kowa ya ga abin da ya auku a Amurka cikin 2007, inda karnuka da kyanwoyi suka yi ta mutuwa saboda wani sinadari mai suna melamin, wanda aka zuba cikin kayan haɗi daga ƙasar Sin domin awo ya nuna furotin da babu shi. Wato takarda kan yi ƙarya har a inda ake awo, balle a inda ba a yi.

Doka dai muna da ita. Ban da NAFDAC, akwai Cibiyar Kimiyyar Dabbobi ta Nijeriya wadda doka ta ba ikon sa ido kan masu haɗa abincin dabbobi, ga kuma Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024. Abin da ya rage shi ne aiki da ita.

Saboda haka lalle ne ma'aikata su riƙa shiga kasuwannin Jega da Aliero da Maiyama ba tare da sanarwa ba, su ɗebi samfur. Jami'ar kimiyya da ke Aliero tana kusa, a ba ta kayan awo, ɗalibanta su koyi aikin. Wanda aka samu buhunsa ya saɓa wa takardarsa, a ƙwace kayan, a kai shi kotu, a kuma bayyana sunansa a rediyo. Mai kiwo kuwa ya riƙa adana rasit da takardar buhu, domin su ne shaidarsa ranar ƙara.