Mota Ba Asiransi: Wa Zai Biya Marayu?

A 1992 Nijar ta sa hannu kan yarjejeniyar CIMA a Yawunde, dokarta kuma ta fara aiki a 1995. Aya ta 200 ta wajabta wa kowane mai mota yin asiransi, domin a biya duk wanda motarsa ta yi wa ɓarna.

To, me ke faruwa ran da motar haya maras asiransi ta kaɗe magidanci tsakanin Maraɗi da Damagaram? Jandarmomi su rubuta rahoto, a tsare direban da bai mallaki ko akuya ba. Mai motar kuwa ya turo dattawa da goro da jika 20, a ce ƙaddara ce. Matar mamaci ta yafe don kunya, marayu su kwana da yunwa.

Ƙaddara ba ta soke hakki: Musulunci kansa ya wajabta diyya a kisan kuskure. Shingaye nawa motar nan ta ƙetare kafin hatsarin? Duk jami'in da ya karɓi dala 100 ya sauke igiya, jinin nan ya taɓa hannunsa. Wajibi ne a kama motar tun a tasha, a gurfanar da mai ita gaban alƙali, komi girman rawaninsa.