Sifika shida a ɗakin amarya, amma ba a jin magana

1/ Jama'a ku matso mu yi maganar hom tiyatar nan da ake sa wa amare a kayan ɗaki. Ra'ayina ne, wanda zai ji haushi ya ji: rabin kuɗin da iyayenmu ke zubawa a kanta asara ce kawai. Zaren zai yi tsawo, a yi haƙuri da ni.

2/ Hutun da ya wuce na koma gida Sandamu. Yayata ba ta fi wata biyu da tarewa ba. Ko jakata ban gama ajiyewa ba aka ce tana nemana. A gidanmu tunda aka ji fiziks nake karantawa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, duk abin da ke da waya a jiki ya zama nawa, har dutsen guga.

3/ Ta ce, "Don Allah duba mana abin nan. In muna kallon Labarina kiɗa ne kawai ke dukan ƙirji, maganar mutane kuwa sai ka kasa kunne. In an ƙara murya maƙwabta su aiko yaro." Mijinta ya riga ya yanke hukunci, wai jabu aka sayo. Maganar har ta fara komawa gida, abin da ya fi damuna ke nan, don na san abin da Baba ya sayar kafin a haɗa kayan ɗakin nan.

4/ Na shiga falo na ga abin da nake gani a kusan kowane ɗakin amarya daga nan har Daura. Sifikoki biyar an jera su reras a gaban tibi, dogaye biyu nan, biyu can, ƙarama a tsakiya an ɗora mata fulawar roba. Wufar kuma an cusa ta cikin durowa an rufe da gilashi. Kyau kam ya yi kyau, 'yan ganin ɗaki sun yaba.

5/ To ga abin da ba a faɗa mana a shago. Lambar nan 5.1 da ke jikin kwali lissafin wurare ce. Biyu a gaba, hagu da dama. Ɗaya a tsakiya, ita ke ɗauke da yawancin maganar 'yan wasa. Biyu a gefen mai kallo, ɗan baya kaɗan. Ɗigo ɗayan kuma wufa ce, mai gurnanin nan. Tsarin daga silima ya zo: Dolby Digital ya fito da fim ɗin Batman Returns a 1992, DTS ya biyo baya da Jurassic Park a 1993.

6/ Har ƙa'ida aka rubuta masa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ce na gaban su buɗe digiri 30 hagu da dama daga inda kake zaune, na bayan kuma wajen digiri 110. Ba sai ka nemo abin awo ba. Zauna inda ka saba zama, miƙa hannayenka gefe, ka ɗan ja su baya. Inda yatsunka suka nuna, nan ne gidan sifikokin baya. In ka jera su duka a gaba, kuɗin shida ka biya, aikin biyu kake samu, shi ma a cakuɗe.

7/ Amma ba ma nan babbar matsalar take ba. Na leƙa bayan tibi, sai ga kebul ɗin nan mai kai ja da fari. Wannan hanya biyu kawai yake ɗauka, hagu da dama. Ko sifika ashirin ka jona, abin da ya shigo biyu ne. Bluetooth ma haka, biyu ne. Wato na'urar ko dai ta kwafi sautin ta watsa wa kowace sifika iri ɗaya, ko ta yi ƙoƙarin raba shi da dabara.

8/ In kana son ainihin 5.1, sai ta HDMI, a ramin da aka rubuta ARC, ko ta kebul ɗin haske mai jan ɗigo a baki, wanda ake cewa oftikal. Sannan ka shiga saitin sauti na tibi ko dikoda ka mayar da shi Dolby Digital ko Auto. In ka bar shi a PCM, sau da yawa biyun nan dai zai ci gaba da turowa. Da yawa daga cikin masu arhar nan ma ba su da waɗannan ramukan kwata-kwata. Duba bayan na'ura kafin ka duba gabanta.

9/ Yanzu tambayar da nake so kowa ya yi wa kansa tsakani da Allah: me muke kallo? Labarina, Daɗin Kowa, Kwana Casa'in, fassarar Indiya, wa'azi, karatun Alƙur'ani, waƙoƙin biki daga waya. Mafi yawan abin da muke saukewa daga YouTube ko muke turawa junanmu ta Xender hanya biyu ne. Kuma kusan duka magana ce. Mai kallon magana murya mai tsabta yake buƙata, jirgin yaƙi ba zai bi ta bayan kunnensa ba.

10/ Kar a ce na raina finafinanmu fa. Ni ma su nake kallo. Cewa nake mu sayi abin da ya dace da su.

11/ Na dawo kan ta Yaya. Na ciro wufar daga durowa, nan take kakkarwar gilashi ta tsaya. Na ɗora ta kan kujerar da suke zama, na sa kiɗa, na riƙa rarrafe a gefen bango ina saurare. Inda gurnanin ya fi fita sumul ba tare da ruri ba, nan na ajiye ta. Yaya tana tsaye tana dariya wai boko ya taɓa ni. Dabarar tsohuwa ce wajen masu harkar sauti, kuma kyauta ce.

12/ Sai ga ainihin ɓarawon. Sifikar tsakiya ba ta fitar da komai. Wanda ya haɗa kayan ranar jere ya tura wayar cikin maƙallin ba tare da ya fere robar sosai ba, ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Wata biyu cur sifikar da ya kamata ta fito da murya fulawa kawai take ɗauke da ita. Minti ɗaya da reza, magana ta dawo.

13/ Ɗaya daga cikin na gaban kuma an juya mata waya, ja a gurbin baƙi. Ba ta ƙonewa, shi ya sa ba a lura. Amma lokacin da waccan ke tura iska gaba, ita baya take ja, sai su riƙa cinye wa juna ƙarfi, sautin ya zama holoƙo kamar daga cikin rijiya. In wayoyinka ba su da alama, cire su daga na'ura ka taɓa su da batirin rimot mai 1.5V na ɗan lokaci. In fatar sifikar ta turo waje, wayar da ke kan ƙarin batirin ita ce ta ja.

14/ Ban canza ko kusa ɗaya ba. Ba a kashe ko sisi ba. Mijin Yaya da ya dawo daga masallaci ya zauna ya saurara, ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Ashe lafiyarta lau." Na ce, "Yaya, ai dama." Ban ƙara ba, suruki ne.

15/ Amma akwai inda zarginsa yake da gaskiya, kuma nan ne raina ke ɓaci. A jikin kwalin an rubuta 5000W da manyan baƙaƙe, ƙasa kaɗan an sa PMPO. Na juya bayan na'urar, ƴar takardar da ke nuna wutar da take ja ta ce 90W. Ku taya ni lissafi. Abin da ke shan 90 ta ina zai riƙa fitar da 5000? Ko ɗan aji ɗaya a sashenmu ya san ba a fitar da abin da ba a zuba ba.

16/ PMPO ba shi da wata ƙa'ida guda da kamfanoni suka yarda da ita, kowa abin da ya ga dama yake bugawa. Wanda za ka nema shi ne RMS, ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a kai a kai. Kuma ko shi kar ya ruɗe ka. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninku, sai ka ƙara wajen desibel 10, wato wat ninki goma. Baba bai san wannan ba. Ya shiga wani shago a Kano, aka nuna masa babbar lamba, ya ƙara kuɗi don kar a raina 'yarsa.

17/ Na san abin da za a ce min. "Kai yaro ne, ba ka san kayan ɗaki ba. Ai ba don sauti ake saye ba, don fita kunya ne." Na yarda da rabin maganar. Na ga yadda mata ke shiga ɗaki suna ƙirga kaya da ido, na kuma san maganar da ke biyo baya in an ga giɓi. Uwar da ta dage sai mai sifika shida ba wauta take ba, 'yarta take karewa daga gori.

18/ Inda na rabu da su shi ne nan: gorin na mako ɗaya ne, zaman na shekaru ne. Kuma a garinmu abin da ke kashe kayan nan sananne ne. Wuta ta zo da rauni, ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi. A tayar da ƙaramin janareto ana kunne da komai. An sayi na'ura mai tsada, ba a sayi sitabilaiza ba, don ita ba ta da kyan gani a hoto. Ɗakuna nawa kuka sani da hom tiyatar ta zama teburin ajiye turare kafin a yi sunan fari?

19/ Af, masu sola. In kun ji sifika na zuuu ba ta dainawa, kafin ku ɗauka wajen mai gyara ku gwada ta a wata wutar. Inbata mai arha ba ta fitar da wuta sumul, kuma amfilifaya na jin hakan. Ku raba kebul ɗin sauti da wayar wuta, kar a ɗaure su tare. In kuma ƙarar ƙarar-ƙarar ce lokacin da ake murɗa murya, yawanci ƙurar hunturu ce ta shiga.

20/ Wani abin da ke ƙona su kuma mu samari ne. Ranar walima ko kamu a fito da ita tsakar gida, a ƙara jona wata sifikar aro a rami ɗaya. Sifika biyu masu om 4 in ka haɗa su haka sun koma om 2, na'urar ta ja wutar da ta fi ƙarfinta, ta yi zafi, shi ke nan. Abin falo ne, ba na filin biki ba.

21/ Ɗakin kansa ma yana da baki a maganar. Tayil a ƙasa, siminti a bango, ba labule mai kauri: sauti ya riƙa dukan bango yana dawowa, kalmomi su hau kan juna. Kafet da labulen da aka riga aka saya a kayan ɗakin sun fi ƙarin wat amfani. Na sa Yaya ta shimfiɗa kafet ɗin da ta naɗe wai kar ya yi datti.

22/ Sai maganar maƙwabta, wadda ba ma son ji. Gidajenmu katanga ɗaya ce. Gurnanin wufa shi ya fi ratsa bango, kai kana jin daɗi, tsohuwar da ke bayan katanga tana jin dum dum a ƙirji bayan isha'i. Mutane da yawa suna ƙure murya ne don ba sa jin magana. Da aka gyara ta tsakiya a ɗakin Yaya, lambar murya ta sauko daga 30 zuwa 14, ba a sake aiko yaro ba.

23/ Kunnenka ma naka ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a desibel 80 kana iya sauraro har awa 40 a mako, amma a 90 awa 4 ne kacal. Ta kuma ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. A falon amarya kuma nan da shekara jariri ne zai kwanta.

24/ Don haka in ni za a tambaya: falo ƙarami, kallon Hausa da wa'azi da ƙwallo, a sayi mai sifika biyu masu kyau da wufa ɗaya, ko doguwar nan guda da ake sawa ƙarƙashin tibi. Canjin a sa a sitabilaiza. Mai Netflix da dikoda mai HDMI, wanda kuma ya yarda a ja waya ta bi bango har bayan kujera, shi ya sayi 5.1, zai more ta.

25/ Bikin ƙanwata bayan Babbar Sallah ne. Na zauna na yi wa Baba duk wannan bayanin, har da zane a bayan takarda. Ya gyaɗa kai ya ce magana ta yi, amma in je in faɗa wa Inna.

26/ Na je. Tana tankaɗe ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Ta yayarta guda nawa ce?" Na ce shida. Ta ce, "To."

27/ Jiya aka turo min hoton kwalin a WhatsApp. An rubuta 8000W. Na ce su dai bar min haɗawar, kar kowa ya taɓa sai na zo, kuma sitabilaizar ni zan saya daga kuɗin makaranta da ya rage min.