Takardar Shekara Huɗu, Murhun Kowane Dare

A Ingila akwai mutanen da ba su da gida a kan tudu. Mazauninsu jirgin ruwa ne, wani dogon siririn abu na ƙarfe wanda faɗinsa bai cika ƙafa bakwai ba, tsawonsa kuwa kan kai ƙafa 70. An ƙera shi haka ne domin ya iya ratsa ƙunƙuntattun ƙofofin hanyoyin ruwan da aka haƙa tun ƙarni na 18 don jigilar kwal da kayan masana'antu. Jigilar ta mutu tuntuni, jiragen suka koma ɗakunan kwana. Ƙungiyar Canal & River Trust, wadda ta karɓi kula da hanyoyin a 2012, tana riƙe da kimanin mil 2,000 a Ingila da Wales, da jirage masu lasisi sama da 30,000. Akasarinsu na shaƙatawa ne, amma dubbai daga ciki gidaje ne na dindindin, musamman a Landan, inda tsadar haya ta kora ma'aikata da ɗalibai zuwa gaɓar Regent's Canal da kogin Lea. Idan sanyi ya kankama, abin da mafi yawansu ke dogaro da shi shi ne ɗan murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi a kusurwar ɗaki, wanda ake ciyarwa da itace ko dunƙulen kwal. Wannan murhu ya ɗauko wata tambaya da ta fi jirgin girma: in hukuma ta duba kayanka ta ba ka takardar shaida, nauyin ranka ya koma wuyanta ke nan? A ganina bai koma ba, kuma tsarin da Ingila ta shimfiɗa a kan ruwanta ya yi daidai da ya ƙi yi wa kowa wannan alkawarin.

Murhun jirgi yana kisa ta hanya biyu, kuma duka biyun ba sa sallama. Ta farko gobara ce. Cikin jirgin duk katako ne, bango da rufi da kabad, kuma a faɗin da bai kai ƙafa bakwai ba babu inda za a ajiye murhu ya yi nisa da abin da ke cin wuta. Mutane da yawa kan liƙa tayil a bangon da ke bayansa su ɗauka sun gama, alhali tayil ba ya tare zafi, miƙa shi yake yi ga katakon da ke ƙarƙashinsa. Shekara da shekaru katakon yana gasuwa a ɓoye, yana bushewa yana komawa kamar gawayi, har ya kai matsayin da zafin da bai isa ya kunna sabon katako ba ya isa ya kunna shi. Daga waje tayil yana nan fes. Hanya ta biyu ita ce iskar kabon monoksaid, wadda ke fita duk lokacin da makamashi ya ci wuta ba tare da isasshiyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jinin ɗan Adam ya fi kama ta fiye da sau 200 a kan yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, irin waɗanda mutum zai ce mura ce ta kama shi, ya ƙara jan bargo. A gidan bulo dogon bututun hayaƙi ne ke zuƙe ta ya kai ta sama. A jirgi bututun gajere ne tilas, domin sai ya wuce ƙarƙashin gadoji, saboda haka zuƙarsa ba ta da ƙarfi, kuma ɗan toshewar kunkunniya ko juyawar iska ya isa ya mayar da hayaƙin cikin ɗaki.

A watan Janairun 2007 wani jirgi mai suna Lindy Lou ya kama da wuta cikin dare a matsayar Lyme View da ke Adlington a yankin Cheshire. Mutum ɗaya ya rasu, wani ya tsira da munanan raunuka. Hukumar binciken haɗurran jiragen ruwa ta Birtaniya, MAIB, ta karkata ga cewa zafin murhun ne ya kunna abin da ke kusa da shi, ta kuma lura cewa a lokacin babu wata ƙa'ida da aka rubuta musamman kan yadda ake girka irin wannan murhu a ƙaramin jirgi. Dokokin gini da ke kula da murhun gidan tudu ba su shafi jirgi ba. Daga nan ne aka samu ƙa'idar BS 8511 a 2010, wadda ta fayyace tazarar da za a bari, da irin allon da ba ya cin wuta da za a sa a baya tare da ratar iska tsakaninsa da katako, da girman dandamalin da murhun zai zauna a kai, da ɗaure shi don kada ya motsa in jirgi ya yi karo. Sai dai ƙa'idar jagora ce. Ba ta tura kowa ya shiga tsofaffin jirage ya ɓalle tayil ya ga abin da ke baya ba.

Wanda ke shiga jirgi ya duba shi ne mai binciken tsarin Boat Safety Scheme, kuma sau ɗaya yake zuwa a shekara huɗu. In babu takardarsa babu lasisi. Abin da ya fi jan hankalina a tsarin shi ne yadda ya raba bincikensa gida biyu ga jirgin da mai shi ke amfani da abinsa. Abin da zai iya cutar da wasu, kamar yoyon gas ko mai, ko ƙuna a katakon da ke kewaye da murhu, wajibi ne, in ka faɗi ba ka samun takarda. Abin da ake ganin kai kaɗai zai cutar, kamar isassun kafofin shigar iska da lafiyar bututun hayaƙi, shawara ce: mai bincike zai gaya maka, ya rubuta maka gargaɗi, amma zai iya ba ka takardarka. Ko da aka wajabta na'urar gargaɗin kabon monoksaid daga 1 ga Afrilun 2019, hujjar da aka kafa ita ce iskar tana iya shigowa daga injin ko murhun maƙwabci, wato daga inda ba ka da iko. Wato dai hukumar ta faɗa a sarari cewa takardarta ba ta ce jirginka lafiya lau yake ba. Abin da ta ce kawai shi ne, a ranar da aka duba, bai zama barazana ga jama'a ba.

Akwai masu ganin wannan a matsayin zille wa nauyi. Ni ina ganinsa a matsayin faɗin gaskiya, domin shekara huɗu dare ne sama da 1,400, kuma abubuwan da ke kashe mutum a jirgi kusan duk ayyukan dare ɗaya ne. Mai bincike zai iya auna kafofin iska a watan Yuli ya same su daidai, a watan Janairu mai jirgi ya cusa musu tsumma saboda sanyi na shigowa. Zai iya ganin bututu a tsabtace, bayan wata uku na ƙona ɗanyen itacen da aka tsinto a gefen hanya ya cika da kwalta da kunkunniya. Igiyar da ke liƙe bakin ƙofar murhu takan zaizaye, gilashi kan tsage, mutum ya ce sai bazara zai gyara. Akwai mai shanya rigar sanyi a kan murhu, akwai mai jera itace a jikinsa don ya bushe, akwai mai buɗe ƙofar toka don wuta ta tashi da sauri sai barci ya ɗauke shi, ƙarfen ya yi ja. Sannan ga bokitin toka, wanda ya fi duka yaudara: tokar da aka kwashe da safe tana iya ɓoye garwashi na sa'o'i masu yawa tana fitar da gubar a hankali, kuma mutane kan ajiye ta a bakin ƙofa ƙarƙashin rumfar tamfol, inda iska ke turo ta ciki. Wane ma'aikaci ne zai tsaya a kan waɗannan? Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, kuma a nan shi kaɗai ne yake wurin lokacin da yoyon ya fara.

Masu neman a tsananta doka sukan ce to a mayar da kowace shawara wajibi, ko ma a hana murhun itace a jirgi gaba ɗaya. Kashi na farko na maganarsu yana da ɗan ƙamshin gaskiya, kuma ba zan yi jayayya ba in an wajabta gyaran bututun da ya fashe kafin a ba da takarda. Amma kada a ɗauka hakan zai canja lissafin da ke sama, domin kafar iskar da aka wajabta ma ana toshe ta washegari. Batun hani kuwa, rahotannin MAIB kansu sun rushe shi. A Afrilun 2013 uwa da 'yarta mai shekara goma sun rasu da gubar kabon monoksaid a wani jirgi a tafkin Windermere, kuma janareta ne da aka yi wa salansar ƙirar hannu. A Janairun 2014 masunta biyu sun mutu a tashar Whitby bayan sun bar na'urar girkin gas a kunne don ɗumama ɗaki. A Yunin 2016 mutum biyu da karensu sun mutu a Wroxham, hayaƙin injin fetur ne. A Disamban 2019 wasu biyu sun mutu a York, na'urar ɗumama ɗaki mai amfani da dizal ce. Babu murhun itace ko ɗaya a cikin waɗannan. Wanda ke kwana a akwatin ƙarfe a kan ruwan da ke daskarewa sai ya ƙona wani abu, kuma in ka ƙwace masa murhun da aƙalla ke da bututu, abin da zai koma wa ya fi muni.

A ɗaya ɓangaren akwai masu cewa jirgina ne, raina ne, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Zaman jirgi yana jan irin waɗannan mutane, waɗanda suka bar tudu don su huta da masu gidan haya da takardu, kuma ina girmama wannan hali. Amma ɗaukar nauyin kai daban, ikon yin sakaci daban. Baƙon da ya kwana a jirginka bai san ka toshe kafar iska ba, yaron da ke gadon baya bai zaɓi komai ba. A Landan jirage kan tsaya biyu-biyu, jiki da jiki, saboda ƙarancin wuri, don haka gobararka ta maƙwabcinka ce, ga kuma tukwanen gas a kowane jirgi. 'Yan kwana-kwana za su zo neman jirgin da ba shi da lambar gida, a hanyar ƙafa mai duhu da mota ba ta shiga, domin wanda ba shi da matsaya ta dindindin doka ta ce ya tashi duk bayan kwana 14. Kotu ma ta riga ta yi magana a kan wannan: a 2015 ta sami mai jirgin Windermere, wanda ya haɗa salansar da hannunsa, da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci, duk da cewa shi ma ya shaƙi gubar kuma waɗanda suka mutu nasa ne.

Ƙorafin da ya fi min nauyi shi ne na talauci. Yawancin sababbin mazauna ruwa ba sha'awa ce ta kai su ba, rashin kuɗin haya ne. Sun sayi tsohon jirgi da murhun da wani ya girka shekara ashirin da suka wuce, ba su taɓa hura wutar itace ba, kuma tun da Ingila ta fara hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ɗauri da kwal ɗin gida daga Mayun 2021, busasshen itace mai shaida ba shi da araha. Cewa da irin wannan mutum nauyinka ne yana iya zama kamar ɗora wa wanda aka zalunta laifi. Na yarda da rabin wannan. Sake girka murhu bisa ƙa'ida aiki ne mai tsada, kuma inda jirgin na haya ne, musamman hayar bayan fage da ake yi ba tare da lasisin kasuwanci ba, nauyin yana kan mai karɓar kuɗin, kuma ya kamata hukuma ta bi shi da gaske. Amma a duba jerin abubuwan da na lissafa a baya a ga nawa ne ke buƙatar kuɗi. Cire tsumma daga kafar iska kyauta ne. Fitar da toka a bokitin ƙarfe mai murfi zuwa tudu kyauta ne. Burushin share bututu da na'urar gargaɗi ba su kai kuɗin makamashin 'yan makonni ba. Abin da talaka ya rasa a nan sani ne, kuma shi ya sa na fi son a kashe ƙarfi wajen ganin duk wanda ya sayi jirgi an zaunar da shi an koya masa murhunsa, maimakon a ƙara masa wata takardar. Mai karatu a Kano ko Damagaram ba baƙo ba ne ga wannan gubar: ita ce ke fita daga kaskon gawayin da ake shigarwa ɗaki a rufe ƙofa da taga lokacin hunturu, ita ce ta janaretan da ake kunnawa a cikin shago ko lungun gida, kuma babu mai binciken da ke zuwa ko sau ɗaya a shekara huɗu.

Na'urar gargaɗin ma, wadda ita ce mafi amfani a cikin duk abin da aka wajabta, tana komawa hannun mai jirgi ne da zarar mai bincike ya sauka. Tana da ranar ƙarewar aiki a rubuce a jikinta, tana da maɓallin gwaji da ake son a riƙa dannawa, kuma in ta yi ƙara abin da ake so shi ne kowa ya fita waje nan take, a bar ƙofofi a buɗe, a nemi likita in akwai mai ciwon kai. Abin da wasu ke yi shi ne su ce ta cika ƙara ba dalili, su zare batirin su koma barci. A jirgin Windermere akwai irin waɗannan na'urori a maƙale, masu bincike suka tarar ba sa aiki.